Kamfen ɗin Crusader a taswirar Tobruk: inda aiki ya kwana

9 ga Fabrairu 2025

Salamu alaikum jama'a. Tunda masu tambayata ina aka kwana da maganar kamfen ɗin nan sun fara yawa, naga gara in riƙa ajiye bayani wuri ɗaya duk sanda na taɓa wani abu. Ga wanda bai san zancen ba, jerin mishan nake haɗawa a cikin IL-2 Desert Wings Tobruk, gem ɗin kwamfuta na tuƙa jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Team Fusion suka fitar a 2020 a matsayin ƙari kan Cliffs of Dover. Taswirar ta kama tun daga Darna a Libiya har Sidi Barrani a Masar, wato ainihin filin da aka gwabza a 1941 zuwa tsakiyar 1942.

Abinda ya tunzura ni shine yawancin mishan ɗin da ake haɗawa ana rabawa duk tafiyarsu ɗaya. Ka tashi da tsakar rana sama tas babu ko ɗigon gajimare, ku takwas su takwas, kafin minti biyar kun haɗu a tsayi ɗaya, ka kakkaɓo huɗu ka dawo gida. Akwai daɗi kam, ban ce babu ba, amma ba yaƙin sahara bane wannan, kuma liƙa kwanan wata na 1941 a saman bayanin baya mayar dashi tarihi.

Na zaɓi farmakin Crusader wanda Runduna ta Takwas ta Birtaniya ta fara ranar 18 ga Nuwamba 1941 don ta ceto Tobruk da Rommel, janar ɗin Jamus, ya yiwa ƙawanya tun watan Afrilu. Mai wasa zai zama matuƙi a Sikwadiron ta 3 ta sojan saman Ostareliya, jirginsa Tomahawk, kuma ba kwamanda bane, na biyu ne mai bin bayan wani yana tsare masa wutsiya.

Ƙa'idar da na kafawa kaina guda ɗaya ce. Abinda zan ɗaure tam shine halin da mutanen nan suka wayi gari a ciki, wato ranar, filin da suka tashi, jirgin dake hannunsu, aikin da aka basu, da abokan gaban da zasu iya isa wurin a ranar. Abinda ya biyo bayan tashi kuma na barwa mai wasa da ƙoƙarinsa. Bazan rubuta sikirif, wato ɗan umarnin da ake rubutawa gem, ya kashe injin wani da gangan ba don kawai a tarihi ranar ya faɗi, in nayi haka fim na haɗa kenan ba gem ba.

16 ga Fabrairu

Satin nan ko joyistik ban taɓa ba, takarda da biro kawai, ina jera wane jirgi ne yake sahara a wace rana. Nan ne mutane da yawa zasu ji haushina na sani. Babu Spitfire a kamfen ɗin nan, ko ɗaya. Gem ɗin yana dashi kala-kala amma Spitfire na faɗa bai fara aiki a saharar ba sai farkon Yuni 1942 tare da Sikwadiron ta 145, wata shida da ɗoriya bayan Crusader. Kittyhawk ma sai can ƙarshen Disamba ya shigo hannun sikwadiron-sikwadiron. Saboda haka Tomahawk da Hurricane ne suka ɗauki nauyin yaƙin, su zan saka, shikenan.

Ɓangaren Jamus JG 27, rundunarsu ta jiragen faɗa, ce ke riƙe da sama daga filayen wajen Gazala. Rukuninta na biyu ya iso tun Satumba da Bf 109F, na farkon kuma yana cikin sauya tsofaffin 109E ɗinsa zuwa 109F. Ƙarin rukunai sai a Disamba suka zo, don haka bazasu fito a mishan ɗin Nuwamba ba. Italiyawa suna da G.50 da CR.42 da yawa, shi kuma Macchi C.202, wanda shine jirginsu na kirki, sai a ƙarshen Nuwamban ya sauka a Libiya ya shiga faɗa, kafin 26 ga wata bazaka ganshi a wajena ba.

Wani abu da mishan ɗin takwas-da-takwas ke ɓoyewa shine yawa. Birtaniya da ƙawayenta sun shiga farmakin da jirage sama da 500 masu lafiyar tashi, Jamus da Italiya nasu wajen 340 ne, kuma 109 a cikinsu 'yan kaɗan ne. Ma'ana yawancin ranaku bazaka ga 109 ba sam, ranar da ka ganshi kuma ya riga ya ganka tuntuni yana samanka.

Matsala ɗaya da ba yadda zanyi da ita: Maryland. 'Yan Afirka ta Kudu da shi suka riƙa kai harin bom da rana, kuma baya cikin jiragen da nake dasu. Inda tarihi yace Maryland zan saka Blenheim, wani jirgin bom ɗin, amma zan rubuta ƙarara a bayanin mishan cewa musanya ce, don Blenheim bai kai Maryland gudu ba kuma hakan yana canza yadda rakiyar take kasancewa. Gara mutum ya sani da a ruɗe shi.

2 ga Maris

Azumi ya kama, Allah ya karɓa mana, aikin ya koma bayan tarawi. Mishan na farko ya tashi, kuma tuni ya jawo gardama a gida.

Dararen da suka gabaci farmakin anyi wani mahaukacin hadari a yankin, iska da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shine ma ya tarwatsa aikin farko na SAS, dakarun Birtaniya na musamman, da aka jefa su da lema don su lalata jirage a Gazala da Tmimi, galibinsu basu dawo ba. Amma ruwan nan ya yiwa Birtaniya rana ta wani gefen, don filayen Jamus da Italiya na kusa da gaɓar teku sun koma taɓo, jirage sun kasa tashi, su kuma filayen Birtaniya dake can cikin sahara ta gabas basu sha wuya haka ba. Sakamakon shine ranar 18 ga wata dubban motoci da tankoki suka ƙetara iyaka kusan ba wanda ya taɓa su daga sama.

To haka na gina shi. Ka tashi da sassafe, ka bi jagoranka, kuyi sintiri a saman ayarin dake nufar arewa maso yamma, ku dawo. Na saka jirgin leƙen asiri ɗaya tal wanda sikirif ke jefa ƙuri'a ko ya fito ko kar ya fito. Ƙanena ya gwada ya cire hedifon yace Yaya wai ina abokan gaban ne, nace suna cikin taɓo a Gazala. Yace to wa zai zauna minti arba'in bai harba ko harsashi ɗaya ba. Na fahimce shi wallahi, amma bazan canza ba. A mishan ɗin nan ne mutum zai koyi zama a gefen jagora ba tare da ya wuce shi ko ya ɓace masa ba, ya koyi lura da mai da zafin inji, ya koyi nemo fili wanda ba komai bane illa fegin ƙasa da aka share duwatsu aka jera durom. Wanda bai iya wannan ba ranar 22 ga wata bazai kai labari ba.

Na duba wata ma. Ranar ta faɗo a ƙarshen Shawwal na 1360, babu farin wata, dararen baƙi ƙirin ne, don haka duk mishan ɗin yamma na lissafa shi yadda in ka makara zaka sauka cikin duhu na gaske.

Alamar hanya mafi girma a yankin ita ce wayar iyaka, kuma na daɗe a kanta wajen rubuta bayani. Waya ce mai ƙaya da Italiyawa suka shimfiɗa a 1931 zamanin janar ɗinsu Graziani, kusan kilomita 270 daga bakin teku wajen Bardiya har Jagbub, ba don yaƙin Turawa akayi ta ba, anyi ta ne don a datse hanyar da abinci da makamai ke shigowa daga Masar zuwa ga mutanen Umar Mukhtar, wanda suka rataye a Satumban shekarar. Shekara goma bayan nan ita matuƙa ke bi su koma gida. Na saka wannan a bayanin mishan na farko saboda ba na son a riƙa kallon taswirar nan kamar fili ne da babu mai shi. Ƙasar mutane ce, kuma sun sha azaba a cikinta tun kafin Rommel ya sako ƙafa.

9 ga Maris

Gajeren bayani yau. Laftof ɗina baya ɗaukar yawan motocin da na zuba, ga zafin garin nan ga ɗauke wuta, da ka kusanci ayarin hoto ya fara tsinkewa. Runduna ta Takwas ta shiga da tankoki sama da 700 banda motocin kaya, ba kwamfutar da zata zana wannan. Maganin da na samu shine raba ayarin zuwa ƙananan fayil, sikirif yana loda kowanne sai ka kusanci wurinsa, in ka wuce ya share shi. Daga ƙafa dubu goma ba'a gane dabarar.

23 ga Maris

Wannan shine mishan ɗin da tun farko saboda shi na fara aikin, 22 ga Nuwamba, ranar da Sikwadiron ta 3 tafi shan wuya. Da safe sun raka Blenheim wajen Bir el Gubi, 109 suka faɗo musu suka rasa Tomahawk uku. Da yamma suka sake fita tare da Sikwadiron ta 112, masu zanen bakin kifin shak ɗin nan, sukayi karo da 109 kudu maso gabas da El Adem, aka daɗe ana abu ɗaya har rana ta kusa faɗuwa, suka ƙara rasa shida. Tara a yini ɗaya daga sikwadiron guda. Jamusawa ma sunyi asarar jirage a ranar, ba a ɓagas suka samu ba, amma kowa ya gane wanda ke riƙe da sama.

Dalilin a injin yake. Allison ɗin dake cikin Tomahawk yana da ƙarfi a ƙasa-ƙasa amma da ka haura wajen ƙafa 15,000 sai ya fara shaƙewa, jirgin ga nauyi, baya hawa da sauri. 109F ya fishi hawa nesa ba kusa ba. Don haka Bajamushe baya buƙatar ya tsaya juyi da kai, zai hau can sama ta gefen rana, ya sulalo ya harba da igwarsa mai milimita 20, ya sake hayewa kafin ka juyo, kamar shirwa da 'yan tsaki. Abinda Tomahawk ke dashi shine juyi a ƙasa, da jikin dake shanye harsashi, da bindiga shida. Shi yasa suke shiga da'ira kowa na tsare bayan na gabansa, suna jan da'irar a hankali zuwa gida, wanda ya fita daga layi shi ake ɗauka.

Matsalata ita ce jiragen da kwamfuta ke tuƙawa basu san wannan tarihin ba. Ka saka 109 a tsayi ɗaya da Tomahawk sai ya biyo ka juyi a ƙasa har ka harbo shi, abinda gogaggen matuƙin JG 27 bazai yi ba. Abinda nayi shine na raba su biyu-biyu maimakon tari guda, kowane biyu suna shigowa daga sama sosai ta yamma inda rana take, a lokuta daban-daban, kuma zangonsu na gaba bayan harin yana can sama nesa don su janye su sake dawowa. Na ɗaga musu ƙwarewar gani da harbi. Ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba, wani lokacin ɗaya yakan manne maka a ƙasa, amma yanayin ya canza gaba ɗaya, yanzu wuyanka ne ke gajiya da waige ba yatsanka da harbi ba.

Na kuma rage musu mai yadda bayan wani lokaci dole su juya Gazala, don haka faɗan yammar ya ƙare a gaske, ba wai an gama da wani ɓangare bane, mai da hasken rana ne suka ƙare. In ka jure har lokacin ka kai jirginka gida, kaci mishan ɗin ko baka harbo kowa ba. Ƙanena ya sauka da rami a fiffike da inji na hayaƙi, ya ɗan yi shiru sannan yace a sake saka masa na 18 ga wata yana so ya gyara zamansa a layi.

6 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Hutun ya bani dama na gama abinda nake ganin shine ƙashin bayan kamfen ɗin, wato sikirif mai tuna asara. Kowane mishan yana da fayil ɗin C# a gefensa, to yanzu in aka tashi daga mishan yana rubuta jirage nawa suka dawo lafiya, nawa suka lalace, matuƙa nawa suka rage, mishan na gaba ya karanta ya fara daga nan. In kun zubar da jirage jiya, yau ku shida zaku fita maimakon goma sha biyu. Makin ma na juya shi, mafi tsoka shine jiragen bom da kuka rako su koma gida, sai ranka, sai jirginka, harbo abokin gaba yana can ƙasa.

Tambayar da ta biyo baya ita ce sabbin jirage daga ina suke zuwa kuma da wane sauri, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Tunda Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, sannan a tuƙo su Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi ta Fort Lamy wato Injamena, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir zuwa Khartum, su bi Nilu har Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, kwana shida in ba matsala. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya Hurricane shida na binsa, kuma kafin a rufe hanyar jirage sama da 5,000 sun bi ta. Da gwamnan Cadi Félix Éboué bai koma ɓangaren de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940 ba da hanyar bata yiwu haka ba. Jamusawa sun san muhimmancinta, har jirgin bom He 111 guda suka turo ya ratso sahara ya jefa bom a Fort Lamy a Janairu 1942.

Abinda wannan ke nufi ga kamfen shine jirgin da ya iso Masar ya riga ya ci awanni masu yawa cikin ƙura da zafi, sai ya shiga gareji an duba inji kafin a tura shi fagen daga. Don haka bana mayar maka da jirgi washegari, suna ɗigowa ne ɗaya biyu bayan kwanaki. A bayanin da ake baka sabon jirgi na rubuta cewa ya kwana a Kano a hanya. Ƙaramin abu ne amma ni ya taɓa ni.

Kuma ga wani abu da na jima ina jin daɗinsa. Arthur Coningham, wanda ke jagorantar sojan saman sahara a lokacin Crusader, shine a 1925 yana ƙaramin hafsa ya jagoranci jirage uku ƙirar DH.9A daga Masar suka sauka a Kano, saukar da ake lissafawa a farkon zuwan jirgin sama Najeriya. Hanyar da ya buɗe da kansa ita ce ta riƙa ciyar dashi da jirage bayan shekara goma sha shida.

20 ga Afrilu

24 ga Nuwamba. Wannan ya bani ciwon kai ta wata fuska daban, don matsalar ba ta sama bace ta ƙasa ce.

Ranar 23 ga wata tankokin Jamus suka murƙushe Birged ta 5 ta Afirka ta Kudu kudu da Sidi Rezegh. Washegari Rommel ya ɗebi abinda ya rage masa ya nausa gabas zuwa wayar iyaka da kansa, ya ratsa ta tsakiyar masu kayan abinci da mai da hedikwatocin Birtaniya, kowa ya kama gudu, motocin ɓangarorin biyu suka cakuɗe suna tafiya hanya ɗaya cikin ƙura. Filayen gaba na sojan sama sai da aka kwashe su cikin gaggawa, jirage suka cunkushe a filin sauka na LG 122 fiffike na gogar fiffike, ayarin Jamus ya wuce ba nisa dasu cikin dare bai sani ba. Janar Cunningham, kwamandan Runduna ta Takwas, ya so a ja da baya, Auchinleck dake samansa ya ƙi, ya cire shi ya ɗora Ritchie ranar 26.

Gem yana son layin daga mai kyau, ja a nan shuɗi a can. A kwanakin nan babu wannan layin. Na cire shi gaba ɗaya daga taswirar mai wasa. Bayanin da zaka samu shine an ga ayari a wuri kaza awa biyu da suka wuce, kaje ka duba, ka tabbatar kafin ka harba. Sikirif ne ke zaɓar ko ayarin da zaka tarar na abokan gaba ne ko naku ne, kuma na cakuɗa motocin don kowane ɓangare yana amfani da lorin da ya ƙwace daga ɗayan. Dole ka sauko ƙasa ka kalla da kyau, saukowar kuma ita ke saka ka a bakin bindigogin kakkaɓo jirgi. In ka buɗewa naku wuta kamfen zai rubuta, kuma bayanin gobe zai faɗa maka. Irin wannan kuskuren ya faru a yaƙin, kuma tsoronsa yana cikin abinda ya riƙa ɗaure hannun matuƙa.

Na saka Hurricane masu ɗauke da bom na Sikwadiron ta 80 suna aiki a gefe, da Blenheim na 'yan Faransa masu 'yanci, rukunin Lorraine, wanda asalinsa daga jiragen da suka yi aiki a Fort Lamy ne. Wani abokina na Damagaram da muke gwaji tare shi ya matsa sai na saka su, kuma gaskiyarsa ne suna wurin.

4 ga Mayu

Abu biyu muka tattauna da abokin nawa satin nan, duka sun shafi gaskiya.

Na farko lissafin harbi. A yaƙin nan kowane ɓangare ya riƙa ikirarin harbo jirage fiye da abinda ɗayan ya rasa a zahiri, kuma galibi ba ƙarya bace da gangan, mutum uku ne zasu harbi jirgi ɗaya kowa ya ga hayaƙi, ko jirgi ya sulala ƙasa kamar ya mutu ya farfaɗo ya gudu gida. To na kashe saƙon nan dake fitowa a allo yana cewa ka harbo wane. Bayan mishan kai zaka faɗi abinda kake ganin kayi, sikirif kuma yana ajiye ainihin abinda ya faru a ɓoye, sai ƙarshen kamfen zaka ga lissafin biyu gefe da gefe. Ranar 5 ga Disamba da aka rubutawa Clive Caldwell na Sikwadiron ta 250 Stuka biyar, wato jiragen bom na Jamus, a fita ɗaya tana cikin jerin, za'a samu tarin Stuka da rakiyarsu a wurin kamar yadda akayi, amma ko nawa zasu faɗi wannan ya rage ga wanda ke cikin jirgi.

Na biyu sunaye. Shi yana so in liƙa sunayen ainihin matuƙan sikwadiron a kan jiragen kwamfuta, yace hakan zai ƙara armashi. Na ƙi. Mutanen nan sun mutu da gaske, wasu ko shekara ashirin da biyar basu kai ba, suna da dangi har yau, bazan mayar da sunan mutum abinda zai riƙa faɗuwa yana ƙonewa duk dare a allon wani ba. Sunayen gaske suna cikin bayani kawai, inda ake faɗin abinda ya faru. Misali bayan 23 ga wata bayanin yana ambatar cewa an harbo Wolfgang Lippert, kwamandan rukuni na biyu na JG 27, an kama shi da karaya a ƙafafu, ya rasu a asibiti a Masar farkon Disamba, kuma daga ranar na ɗan sauke ƙwarewar jagoran rukunin a mishan.

Abinda muka yarda a kai baki ɗaya shine 30 ga Nuwamba. Ranar Peter Jeffrey ya sauka da Tomahawk ɗinsa a tsakiyar sahara ya ɗauki Saje Cameron da aka harbo, mutumin da yafi kowa girman jiki a sikwadiron, suka matsu a kujera ɗaya Jeffrey na zaune a cinyarsa ya tuƙo su gida. Na rubuta sikirif yadda in ɗan uwanka yayi saukar dole ya tsira, ka sauka kusa dashi ka tsaya cik na minti ɗaya, to ka ɗauke shi, zai dawo cikin lissafin matuƙa. Ba dole bane, ba kuma a ranar kaɗai ba, kofa ce a buɗe duk kamfen ɗin, kuma tana da haɗari don ƙasar duwatsu ce taya na iya fashewa ku zama ku biyu a ƙasa. Wanda ba'a ɗauka ba kuma yana da damar ya dawo da ƙafa bayan kwanaki, kamar yadda da yawa suka dawo, sau tari da taimakon Larabawan Sanusiyya makiyaya da suka ɓoye su suka basu ruwa alhali sun san hukuncin da Italiyawa zasu yi musu in an kama su.

18 ga Mayu

Inda ake yanzu: daga 18 zuwa 30 ga Nuwamba duk sun tashi kuma an gwada su, harda na 27 ga wata da sojan New Zealand suka haɗu da na cikin Tobruk a Ed Duda. Na Disamba uku suna kan hanya, na 5 ga wata ya kusa. Daga 7 ga Disamba Rommel ya fara ja da baya zuwa Gazala, ƙarancin mai da kaya ya ci ƙarfinsa tunda jiragen ruwan Birtaniya dake Malta suka nutsar masa da ayarin jiragen ruwa guda cur ranar 9 ga Nuwamba, don haka a mishan ɗin ƙarshe zan rage yawan fitar jiragen Italiya da Stuka amma in ƙara 109 saboda sabbin rukunan da suka iso. Sikwadiron zata koma El Adem da tashi. Kamfen zai tsaya a tsakiyar Disamba lokacin da suka bar layin Gazala, don daga nan yaƙin ya fice daga taswirar ta yamma kuma bazan ƙirƙiro faɗa a inda ba'ayi shi ba.

Abinda ya rage mai nauyi shine bayanan mishan, ina rubuta su da Hausa da Turanci duka, da kuma 109 ɗin nan mai manne wa mutum a ƙasa wanda har yanzu nake nema masa dabara. Ina buƙatar mutum biyu ko uku masu joyistik da zasu buga daga farko a jere ba tare da tsallake na 18 ga wata ba, su turo min fayil ɗin lissafin da sikirif ke ajiyewa, ina so in ga ko sabbin jiragen na isowa da wuri fiye da kima bayan 22 ga wata.